Eriyar da Malam Kamaluddeen Ya Ɗinka

Shekara talatin Malam Kamaluddeen yana surfanin wuyan riga a shagonsa da ke unguwar Hashimi, bai taɓa ɗinki da zaren tagulla ba sai da Nuraddeen, ɗan ƙanwarsa, ya kawo masa. Nuraddeen injiniya ne, kullum da sassafe yake bin motar Abuja. Kamfaninsu na son eriya marar nauyi da za a ɗinka a jikin rigar mai ciwon zuciya, ta riƙa aika wa likita bugun zuciyarsa.

"Kawu, ƙananan zobba nake so a jere bayan eriyar, kowanne da 'yar tsaga," in ji Nuraddeen. "Su za su hana jikin mutum shanye sigina, eriyar kuma ba za ta kai tafin hannu ba. Waɗanda inji ke yi, da an lanƙwasa ƙyallen sai su karye."

Malam ya ture aikin mutane gefe. Wata huɗu yana ɗinkawa yana warwarewa, tagulla ta tsattsaga masa yatsu. Daga baya ya gano ba a soka zaren cikin ƙyalle. Kwantar da shi ake a sama, a bi shi da siliki ana ɗaurewa. Aka wanke rigar sau goma, zaren bai karye ba. Nuraddeen ya gwada ta a na'urarsa, ya daka tsalle har hularsa ta faɗi.

Ranar baje kolin rigar Malam ya sa farar shaddarsa, ya bi shi Abuja. Aka ba shi kujera can baya. Wani baƙo ya tambayi yadda aka yi zaren ya daina karyewa. Turancin Malam ba yawa, amma ya ishe shi ya ji Nuraddeen ya ce binciken ɗakin gwajinsu ne.

A hanyar komawa, sai da motarsu ta wuce dutsen Zuma sannan Malam ya buɗe baki.

"Ban ji sunana ba."

"Kawu, manyan mutane ne. In suka ji tela ya yi, raina abin za su yi."

"Tela," in ji Malam, ya mai da fuskarsa ga taga.

Bayan sati biyu Nuraddeen ya zo da mutum biyu da kyamara, a ɗauki yadda Malam yake ɗaure zaren don a koya wa inji. Malam ya ƙi. Ƙanwarsa ta zo har shago tana kuka, tana haɗa shi da zumunci. Ya zauna ya ɗauki allura.

"Baba, ɗan ja da baya," in ji mai kyamarar. "Hannun kawai muke so."