Ranar da Ja'afar Ya Kyautar da Babur Ɗinsa

Shekara goma sha ɗaya Ja'afar ya yi yana aikin jinya a sashen gaggawa na asibitin koyarwa, kuma matarsa Hafsah ba ta taɓa jin ya kawo labarin aiki gida ba. Idan ya dawo gidansu na Darmanawa, sai ya jingine babur a soro, ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauki 'yarsu Nana ya saɓa a wuya. Abin ya sauya ne bayan hatsarin wata motar 'yan makaranta da aka kwaso musu yaran cikinta a tsakiyar damina. Yara bakwai suka rasu a ranar, uku a hannunsa.

Bai yi kuka ba, bai ɗauki hutu ba. Abinci dai ya fara ragewa a kwano, sannan magana ta ƙafe. Sai ya zauna a falo ya ƙura wa bango ido, Nana na jan rigarsa bai sani ba.

"Abban Nana, ka ga likita mana," in ji Hafsah wata ranar Asabar. "A can wajenku akwai masu duba irin wannan."

"Wane likitan? Wanda muke sallar Azahar sahu ɗaya da shi? Fayil ɗina ya bi ta hannun yaran da na koya wa aiki, su buɗe su karanta? Ki bar ni. Zan gyara kaina da kaina."

Gyaran da ya samo shi ne littattafai. A Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani dattijo, Malam Isyaku, mai baza tsofaffin littattafan Turanci a kan tebur a bakin titi. Ja'afar ya zama babban mai cinikinsa. Duk sati sai ya shigo da ɗaya ko biyu: na yadda ake horar da zuciya, na ɗabi'un mutanen da suka yi nasara, na korar mummunan tunani. Yana karantawa da jan biro a hannu kamar mai shirin jarrabawa. Ya rubuta jadawali ya manna a ƙofar ɗaki: gudu bayan Asuba, ruwa kofi takwas, rubuta abu uku na godiya kullum. Ya bi sati biyu. A sati na uku ko tashi daga katifa ya gagare shi.

Ran nan Hafsah ta same shi zaune a bakin gado, littafi a buɗe a cinyarsa.

"Wannan ya ce sati uku ya isa mutum ya sauya," ya ce, bai ɗago ba. "Ni na yi wata biyu. Kowa yana karantawa ya miƙe. Kin ga ke nan laifin ba na littafin ba ne."

Mahaifiyarsa Inna Dije ta zo daga Tarauni da rubutun sha a gora da turaren hayaƙi, ta ce hannu aka sa masa a wajen aiki. Ya karɓa ya sha bai yi musu ba. Ya ci gaba da zuwa aiki, yana dawowa da littafi.

A wata na biyar sai ga sauƙi kamar daga sama. Wata Laraba da safe ya yi wanka, ya yi aski, ya cinye ƙosai da kunu. Ya yi wa Nana wasa har ta shaƙe da dariya. Da ƙaninsa Al-Amin ya leƙo gaisuwa, sai ya miƙa masa mukullin babur.

"Riƙe, na ba ka. Kai ka fi ni buƙata."

"Yaya, kai fa da me za ka je aiki?"

"Adaidaita ba su ƙare ba."

Da Hafsah za ta fita, ya riƙo gefen hijabinta. "Maman Nana, duk abin da na yi miki a watannin nan, ki yafe mini." Ta ce ba komai, ta fita da Nana tana godiya ga Allah a zuciyarta.

Hafsah malama ce a wata sakandare ta 'yan mata a Tarauni. A jakarta akwai wani siririn littafi da ta ɗauko daga tarin nasa kwana uku da suka wuce, wanda shi bai ko buɗe ba. Wata likita ce ta rubuta shi a kan ciwon damuwa, babu alkawarin nasara a ciki, bayanin cuta ne kawai. Lokacin hutun tara ta buɗe shi a ɗakin malamai, ta faɗa kan babin da aka yi wa iyalan mara lafiya. Marubuciyar ta ce a ji tsoron ranar da mai tsananin damuwa ya wayi gari da natsuwa ba dalili, ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane, domin sau da yawa alama ce ta ya yanke shawarar rabuwa da duniya.

Ta sake karanta layin. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta kira wajen aikinsa, aka ce ai yau ya nemi hutu. Ko izini ba ta tsaya nema ba, ta tare adaidaita, tana kiran Al-Amin a hanya.

Tare suka isa gida. Ƙofar ɗaki a kulle ta ciki. Al-Amin ya sa kafaɗa sau uku kafin sakatar ta ɓalle. Ja'afar na zaune a ƙasa, yana nan da ransa, takarda mai sunanta a kan gado, ya riga ya tanadi abin da ya yi niyya. Ya dube su kamar baƙi.

"Me ya dawo da ke yanzu?" Abin da ya ce ke nan.

A ranar aka kwantar da shi a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, a asibitin da yake aiki, don nan ne mafi kusa. Wata nas da ya taɓa koya wa sa ƙarin ruwa ita ta rubuta sunansa. Ta yi aikinta cikin ladabi, ba ta ɗaga ido ba. Shi kuwa ya juya fuska bango, bai sake juyowa ba har aka gama.

Sati biyar ya yi a kwance. Kafin ya fito labari ya zaga unguwa. Matan da ke aiko 'ya'yansu ya duba musu zazzaɓi suka daina. A islamiyya wata yarinya ta ce wa Nana babanta ya haukace, ta dawo gida tana tambayar ma'anar kalmar. Inna Dije ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Hafsah, ta ce ita ta kai mata ɗa inda aka ɓata masa suna.

Da ya koma aiki ba a mayar da shi gaggawa ba. An ba shi tebur a ofishin adana bayanai. Maganin da yake sha yana sa shi nauyin jiki, hannunsa na ɗan karkarwa idan ya ɗauki kofi. Yana ci, yana barci, yana zuwa ganin likita duk wata. Amma da Hafsah, magana ba ta wuce ta cefane da kuɗin makarantar Nana.

Wata Juma'a bayan La'asar tana tsince shinkafa a tsakar gida, ya fito ya tsaya a kanta.

"Kin san kin tona mini asiri," ya ce, muryarsa ba faɗa a ciki.

"Na sani."

"Duk inda na bi a asibitin nan sai an yi shiru."

"Na sani, Abban Nana. Ko yau aka maimaita, haka zan yi."

Ta zaci zai ƙara wani abu, ko zagi ko godiya, ta shirya wa kowanne. Sai ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna nesa da ita kaɗan, ya tambaya ko gishiri ya ƙare. Ta ce saura kaɗan. Ya ce gobe zai sayo.