Rabin Albasa a Kan Tebur

Maman 'Yan Biyu ta sake kiran wayar Auta, har yanzu ba ta shiga. Ta leƙa titi, ta dawo bakin gadon maƙwabcinta, Baba Mai Hoto, tana kallon yadda ƙirjinsa ke ɗagawa da ƙyar. Tun da safe likita ya ce a kira 'ya'yansa. Auta ce kaɗai ke kusa, ita ma tana hanya.

Ya tambaya ko yarinyar ta iso. Ta ce saura ƙiris, alhali ba ta sani ba.

"Ɗauko min kwalin nan na kan durowa," in ji shi. "Idona ya tafi. Ke za ki gani min."

Hotuna ne baƙi da fari, waɗanda yake ɗauka don kansa tun yana da shago. Babu mutum ko ɗaya a ciki, sai labule, takalma a bakin ƙofa, bokiti a lungu. Ta sha tsokanarsa cewa mai ɗaukar amare ya ƙare a ɗaukar bokiti, shi kuwa ya ce ai bokiti bai taɓa dawowa ya ce an ɓata masa hanci ba.

Ta zaro ɗaya. Ta ce ɗakin girki ne, ga tukunya, ga ludayi a rataye.

"Ba haka ake kallo ba, 'yata. Daga ina hasken ya shigo?"

Ta ƙara dubawa. Ta taga ya shigo, ya kwanta kan tebur, ya tsaya a jikin wata albasa da aka yanka rabi. Wuƙa na gefe. Kujera a ture take baya, kamar yanzu aka tashi.

"Marigayiya matata ce ta tashi," ya ce. "Auta ce ta farka tana kuka."

Maman 'Yan Biyu ta daɗe tana kallon kujerar. Wata mota ta rage gudu a waje, ta kasa kunne, motar ta wuce.

Ta ci gaba da zarowa tana faɗa masa: inuwar ƙarfen taga a kan tabarma, riga a jikin ƙusa, tururi a bakin kofi. Yana gyara mata, muryar na ƙara yin ƙasa. Can ta faɗi wani bai ce komai ba. Ta zaro na gaba ta bayyana shi har ƙarshe, don tana tsoron ɗaga kai.

Da ta ɗaga, ta yi salati a hankali, ta shafe masa ido, ta ja mayafi ta rufe shi.

Tana fitowa kiran maigidanta tasi ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta fito da sauri, jaka a kafaɗa, tana ɗaga mata hannu. Ledar da ta riƙe ta yage, lemo ya watse a titi. Ta durƙusa tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya.