Taƙi Biyu Daga Katakon Kaka

Ni dai mazauni nake nema wa zaren robana, iyakar laifina ke nan.

Tun da na baro birnin Hai Phong na dawo ƙauye don in kula da Kaka Lua, injina ne ke ci da mu. Ɗan ƙaramin firinta ne mai narka zaren roba yana ƙera abubuwa, da shi nake buga wa masu noman furanni maƙalan reshe. Da aiki ya yi yawa sai na sayo manyan naɗi, kowanne kilo biyar. Ɗan ƙarfen da ke jikin injin kuwa kilo ɗaya ma da ƙyar yake ɗauka. Sau biyu naɗin yana suɓucewa ya gangara har tsakar gida, kaji su watse, aikin awa tara ya lalace. A karo na uku haushi ya kai min wuya.

A ranar nan Kaka ta tafi gidan ibada tun da safe. Na shiga ɗakin ajiyar shinkafa neman itace, sai ga katakai shida a bayan buhuna, an naɗe su da tabarma an ɗaure. Rawaya ne, masu kauri, sai sheƙi suke yi. Na ce kai, mutanen ƙauye da ɓarna, irin wannan katako a bar wa gara! Na jawo dogaye biyu, na yanke taƙi bibbiyu da zarto, na kafa guntayen a tsaye, na huda su, na zura bututun ƙarfe. Naɗi biyu suka hau suna juyawa lafiya lau. Har hoto na ɗauka.

Da rana Kawu Tuyen, ƙanen mahaifiyata, ya dawo da Kaka a babur. Shi ya fara shigowa. Ya dubi garin katakon da ke ƙasa, ya dubi mazaunin, sai hular kwanon da ke hannunsa ta faɗi.

"Khue, ina kika samu wannan katakon?"

"A ɗakin shinkafa mana, Kawu. Ka ga yadda ya yi kyau?"

"Na shiga uku! Na cikin tabarma?"

"To wai miye? Ba katako ba ne?"

"Katako? Ke, akwatin gawar kakarki kika yanka!"

Na yi dariya tukuna, don na ɗauka tsiyarsa ce da ya saba. Da na ga babu wasa a fuskarsa, sai na daina dariyar. A birni in mutum ya rasu waya ake yi, a kawo akwati daga shago. Ina zan san akwai mai ajiye nasa shekara da shekaru a bayan buhun shinkafa?

Kawu ya rage murya. "Bishiyar mit ɗin nan mai manyan 'ya'ya da kakanki ya dasa ranar aurensu ce. Shi ya sare ta da hannunsa, ya raba biyu. Rabi yana ƙasa tare da shi, rabi yana jiran ta. Shekara ashirin da shida tana shafa masa mai. Ke da karatunki duk ba ki yi tunanin tambaya ba?"

"A manna su, Kawu. Ina da gam mai ƙarfi."

"Akwati mai faci? Ki bari 'yan ƙauye su ji!"

Sandar Kaka muka ji a bakin ƙofa. Ta ga dogayen katakan nan biyu jingine da bango, bakinsu fari tas inda zarto ya ci. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta taka har gaban injin, ta daɗe tana kallon naɗin yana juyawa, ta shafa guntun katakon da yatsa.

Na durƙusa. "Kaka, ki yafe min. Ban sani ba."

"Kwantar min da ɗaya a ƙasa," ta ce da Kawu.

"Haba Inna, me za ki..."

"Tuyen, kurma ka zama?"

Ya kwantar. Kaka ta jingine sandarta, ta cire takalmi, ta zauna a kan katakon, ta miƙe a hankali, ta haɗa hannuwa a ƙirji, ta rufe ido. Kawu ya kau da kai. Ni kuwa ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Injin yana ta ɗan kukansa a gefe.

"Ke mai zarto," ta ce idonta a rufe, "duba min. Ƙafata ta leƙa?"

Na rarrafa na duba. Ƙafarta ba ta kai baki ba. Ta wajen kai ma akwai sauran wuri, ya kai faɗin tafin hannu.

"Ba ta leƙa ba, Kaka. Har da saura."

Ta buɗe ido ta ƙyalƙyale da dariya, haƙoranta huɗu duk a waje. "Tsohon nan ya auna ni ina miƙe gal, ina ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Bai san zan koma haka ba. Tuyen, a rage sauran su yi daidai da wannan. Nasa ne, ya ishe ni."

Kawu ya sa hannun riga yana share hanci.

"To ɗaga ni mana, uwar ɓarna. Ko so kike ki rufe ni yau?"

Na zura hannu ƙarƙashin bayanta, na tattara ƙarfina kamar yadda nake yi wa buhun shinkafa. Ashe ba na bukatar ko rabinsa. Ta taso min a hannu sakayau, sai a lokacin kuka ya ƙwace min.