Sunan da Ke Kan Takardar Haihuwa

Sabitu ya tura takardar ta ƙarƙashin tagar ƙarfe da hannu biyu, kamar mai miƙa wa surukinsa goro. Zuwansa na tara ke nan wannan ofishi na takardun baƙi, kuma yau ce rana ta farko da ya zo babu abin da ya rage. Ga hotuna huɗu, ga katin jam'iyya, ga shaidar ɗaurin aure da liman ya rubuta da Larabci aka juya ta zuwa Faransanci. Ga kuma ta ƙarshe, wadda ta sha masa kai wata biyu: takardar haihuwar ɗansa daga Kumasi.

Tela ne Sabitu, kekensa na bakin babbar kasuwar Lome, kuma duk Zongo an san ba ya saɓa alkawarin ɗinki, abin da ba kowane tela za a yi wa wannan shaida ba. Matarsa Zuhura 'yar Zongon Kumasi ce. Shekara ɗaya ta yi a ɗakinta, ciki ya tsufa, ya sa ta a mota ta tafi gida, don haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta. Ba ta cika sati uku da tafiya ba aka yi harbe-harbe a Lome, gwamnati ta ce daga Ghana masu bindigar suka shigo, aka rufe iyaka ruf. Zuhura ta haihu a can, aka yi suna a can, ango na nan yana taka keke yana haɗiyar zuciya. Wata biyar ke nan bai ga matarsa ba, ɗansa kuwa ko a hoto bai san kamarsa ba. Hanya ɗaya ta rage: takardar izini ta musamman, wadda ake ba matar ɗan ƙasa ta tsallako. Tunda ba a meri, wato ofishin magajin gari, aka ɗaura auren ba, babban ofishin ya ce sai an kawo shaidar haihuwa mai sunan uba, sannan ya yarda da takardar liman.

Wanda ke bayan tagar Hamidou ne, ɗan Zongo da ya yi lakkol, wato bokon Faransa, ya ɗaure wuya da kwat, da bajen jam'iyya a ƙirji. A gaban mutane da Faransanci yake wa Sabitu magana, sai in ya sunkuyo yake komawa Hausa. Ya zare takardar daga ledar da Sabitu ya naɗe ta, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya sunkuyo.

"Yaya Sabitu, ka ba wani ya duba maka wannan kafin ka kawo?"

"Wa zan ba? Jiya da la'asar wata mai goro ta kawo mini ita ta hanyar daji. A ƙirjina ta kwana."

"Wane ne Lukuman?"

"Wan matata ne. Me ya faru da shi?"

Hamidou ya waiga ya dubi ƙofar babbansu, ya rage murya. "A nan an rubuta shi ne uban yaro."

Sabitu ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi kafin magana ta isa cikinsa. "Kai, Hamidou, ka ji tsoron Allah. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kai ma ka ci shinkafar bikin nan."

"Na ci, yaya. Amma ba ni ne nake sa hannu ba."

Hamidou ya ɗauki dosiyen takardun ya shiga ciki. Sabitu ya tsaya yana kallon fankar da ke juyawa a sama ba ta ba kowa iska. Da Hamidou ya fito, tun daga tafiyarsa aka san labari. An buga jan hatimi a kan shafin farko. Babban ya ce takardar Ghana ta nuna matar tana da wani miji, saboda haka takardar liman ƙarya ce, kuma Sabitu ya gode wa Allah da ba a kira masa jandarma ba.

"To a gyara mana. Ai kuskure ne."

"Gyaran a kotun Kumasi ake yi, kuma sai uban gaskiya ya tsaya a gaban alƙali da kansa."

"Ta ina zan bi in je Kumasi?"

Hamidou ya maida takardar cikin ledarta a hankali, ya turo masa, ya ɗaga kai ya kira na gaba da Faransanci.

A titi Sabitu ya ji kansa ya ɗau zafi. Shi dai ya san Lukuman bai taɓa son auren nan ba, tun farko yake cewa Lome ta yi nisa. Ashe abin da suka ƙulla ke nan, su riƙe masa mata su kuma ƙwace masa ɗa da alƙalami? Kuma Zuhura tana zaune aka rubuta, ba ta ce uffan ba? Wannan ne ya fi ci masa rai. Ko Juma'a da ya tsaya ya yi a hanya, bai san abin da liman ya karanta ba.

Ga shi kuwa Zuhura tana jiransa. Tun makon jiya ya aika ta bakin mai goro cewa ta iso Aflao, garin bakin iyaka ta ɓangaren Ghana, ranar Juma'a, don ya tabbata a ranar zai karɓi izini. A ƙarshen unguwar Kodjoviakopé akwai wani lungu inda wayar iyaka ta ratsa tsakanin gidaje, layi biyu da 'yar tazarar yashi a tsakani. Da rana tsaka sojoji sukan kau da kai na ɗan lokaci, mutane su tsaya nan da can suna ɗaga murya: mai sanar da rasuwa, mai tambayar lafiyar uwa, mai zagin abokin ciniki.

Daga nesa ya hango ta. Ta rame, ta yi haske, da goyo a baya. Kusa da ita gwaggonta Ajaratu na zaune a kan akwatin ƙarfe, ga kwanuka an ɗaure da zane, ga buhun garin kunu. Sun kwaso komai, kamar yadda ya ce musu. Da Zuhura ta gan shi ta durƙusa a kan yashi.

"Maigida, sannu da zuwa. Mun same ku lafiya?"

Bai amsa gaisuwar ba. Ya ɗaga ledar sama. "Sunan wa kuka sa a takardar yarona?"

Ta dubi gwaggo, gwaggo ta dubi ƙasa.

"Lukuman aka rubuta, Zuhura! Yayanki! A ofis sun ce ba matata ba ce ke, sun ce ɗan ba nawa ba ne. In rabuwa kuke so, ai sai ku gaya mini da baki."

Ta miƙe ta kama wayar, ko ta ƙayar ba ta yi ba. "Wallahi ban sani ba. Ni ba na karanta boko, kai ma ka sani."

"To ba a tambaye ki ba?"

"An tambaye ni." Ta ƙara riƙe wayar. "Nas ta zo da littafi ta ce sunan uba. Gwaggo na zaune, Inna na zaune, ɗaki cike da mata. Ta yaya zan buɗe baki in kama sunanka? Na sunkuyar da kai. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ita ba ta faɗin sunan suruki. Sau uku tana tambaya. Sai ta yi tsaki ta ɗauki katin asibiti ta kwafi abin da ke kai. Yaya ne ya kawo ni, shi ya yanki katin."

Gwaggo Ajaratu ta ce daga kan akwati, "Mu mun ɗauka sunanka ne ta gani a ciki, ɗan nan. Mutunci muka yi maka."

Fushin da Sabitu ya ɗauko tun daga ofis ya zube, ya bar shi da baƙin cikin da ya fi fushin nauyi, don yanzu babu wanda zai kama da laifi. Ya so a ce makirci ne, da ya san da wa zai yi faɗa. Ya ce, "Juyo mini shi in gani."

Ta kwance goyon, ta ɗaga yaron sama da hannu biyu. Yana barci, bakinsa a buɗe, kansa ya langaɓe gefe. Tazarar ba ta fi taku shida ba, amma rana na bayansu, Sabitu ya ƙanƙance ido, iyakar abin da ya gani sosai tafin ƙafa ne guda biyu.

"Yaushe za mu shigo?" ta tambaya.

"Ba yau ba."

"Gobe? Za mu iya kwana a tasha."

"Sai an buɗe iyaka, na je kotu a Kumasi. Ban san ranar ba, Zuhura. Ku koma gida."

Gwaggo ta tashi ta fara neman mai ɗaukar kaya. A nan ne usur ya tashi daga ɓangaren Togo. Sojoji biyu suka taho suna kaɗa mutane da gindin bindiga, kowa ya watse. Ɗaya ya dafa ƙirjin Sabitu ya tura shi, Sabitu ya juya ya bi jama'a zuwa bakin lungu.

"Sabitu!"

Ya ci gaba da tafiya. Muryar mace ce, amma kunnensa bai taɓa jin sunan a cikinta ba.

"Sabitu Idrisu! Shi ne uban ɗana! Ku ji, Sabitu ne sunansa!"

Ya tsaya cak ya waiwaya. Tana riƙe da wayar iyakar, mayafinta ya zame, yaron ya farka yana tsala kuka, gwaggo ta toshe baki da hannu don kunya. Sojan da ke bayansa bai jin Hausa. Ya nuna masa hanya da bakin bindiga, ya ce ya wuce.