Akwatin Malam Aƙilu a Ruwan Kuseri

Malam Aƙilu mai hoto ya yi shekara goma sha ɗaya a Kuseri, garin da kogi ya raba da Anjamena, kafin ya dawo Garwa ya buɗe shago a unguwar Poumpoumré. Yana can aka yi yaƙin Anjamena na 1980, lokacin da mutane suka riƙa ƙetaro kogi da yara a wuya. Duk wanda ya ƙetaro sai an nemi hotonsa kafin a ba shi takarda, kuma shi ne mai kyamara mafi kusa da bakin ruwa. Ya ɗauki dubban fuskoki. Baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, wanda masu sana'ar ke kira kilishe, bai yar da ko ɗaya ba. Ya jera su a ambulan, ya zuba a wani akwatin ƙarfe.

Yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, maganarsa ma sai an kasa kunne. 'Yarsa Lailatu, malamar firamare, ita ke kula da shi. Ita ce ta buɗe akwatin wata rana ta ji wani wari mai tsami ya buge ta. Kilishen na sama sun fara lanƙwashewa, wasu sun yi danƙo. Zafin Garwa yana cinye su a hankali.

A wani taron masu zane a Marwa ta haɗu da Blandine, 'yar Cadi mai kula da wani ƙaramin gidan nuna zane a Anjamena. Da ta ba ta labarin akwatin, Blandine ta riƙe mata hannu ta ƙi saki. Ta ce kakarta na cikin waɗanda suka ƙetara a wannan shekarar. Suka yi wata takwas suna shiri ta waya: za a kwafe hotunan a kwamfuta, a nuna su a Anjamena, sannan a kawo su Garwa, ƙungiyar malamai masu zane ta su Lailatu ta karɓi baƙin. Abin da ya rage shi ne na'urar kwafewa. A ƙarshen damina Blandine ta bugo.

"Mun samu, 'yar'uwa. Wani Didier ya zo da ita daga Duwala yana mana aiki. Amma ranar Juma'a zai koma da abarsa. Ki taho yanzu."

Lailatu ta bar mahaifinta a hannun ƙaninta, ta hau mota da akwatin ranar Asabar. Hanya bayan Mora ta lalace, suka kwana biyu a kanta. Ta isa Kuseri ranar Litinin da la'asar, ta sauka gidan Goggo Ummuhani, ƙanwar mahaifinta. Kogin Logon ya cika ya yi ja, buhunan yashi jere a bakin unguwa, maza na ta ƙara wasu. Goggo ta ce kullum haka ake yi, kuma kullum ruwa na komawa. Aka tura akwatin ƙarƙashin gado.

Da safe Lailatu ta tafi neman takardar ƙetara gada zuwa Anjamena. Ta yi tunanin ɗaukar akwatin, ta ga nauyinsa, ta bar shi. Tana kan layi wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta ji mutane na gudu suna kiran sunan unguwar Goggo. Shingen buhunan yashin ya ɓalle.

Ko da ta iso, titin ya zama rafi. Mata na fitowa da katifu a ka, akuya na iyo tana kuka. Ta hango Goggo zaune cikin kwalekwalen ɗanta Mahfuzu, masunci, rungume da tukunya da buhun gero.

"Goggo, akwatin!"

"'Yar nan, da kyar na fito da raina. Wallahi ban tuna ba."

Lailatu ta ɗaure zane ta faɗa ruwan. Mahfuzu na kiranta, "Yaya, akwai rami a nan, ki dawo!" ba ta juya ba. Ruwan ya kai mata ƙugu a ƙofar gida, a cikin ɗaki ya kai ƙirji. Ta nutsa ta lalubo hannun akwatin, ta ja, ya ƙi motsi, gadon ya danne shi. Wani ƙarfe ya yanke ta a tafin ƙafa. Sai da Mahfuzu ya shigo ya ɗaga gadon da kafaɗa suka fito da shi. Da suka ɗora shi a kwalekwale, ruwan laka ya riƙa tsiyaya ta kowace kusurwa.

An kai mutanen unguwar wata makaranta da ke kan tudu. A bayan wani aji ta buɗe akwatin. Ambulan sun narke sun zama kamar kunu, rubutun mahaifinta ya wanke. Kilishen sun manne da juna dam-dam. Ta kira Blandine, ta kasa haɗa magana, sai Didier ya karɓi wayar.

"Madam, saurare ni. Kada ki bari su bushe a haka. In suka bushe a manne, an gama. A raba su cikin ruwa mai tsabta, ɗaya bayan ɗaya, a shanya a inuwa. Kwana biyu gare ki, ƙila ma bai kai ba."

"Ruwa mai tsabta? Malam, ka san inda nake?"

"Na sani. Gobe za mu ƙetaro da na'urar. Ki fara."

Famfo ɗaya ne a makarantar, mutane sun fi dubu. Layin jarkoki ya zagaye filin ƙwallo, kowane gida jarka ɗaya a zuwa. Lailatu ta ari jarka ta bi layi awa biyu, ta ɗauraye abin da bai fi ambulan shida ba ruwan ya koma laka. Ta sake komawa. A zuwa na uku wata mata mai goyo, Raihana, wadda gidanta ya rushe gaba ɗaya da safen nan, ta tare ta.

"Ke baiwar Allah, na ga abin da kike yi da ruwan. 'Ya'yana tun safe ba su sha ba, ke kina wanke leda?"

"Ba leda ba ce, hotuna ne. Na mutane ne."

"Mu dabbobi ne?"

Lailatu ta san matar ta fi ta gaskiya. Ta miƙa mata jarkar da ta cika, ta koma bayan ajin ta zauna a ƙasa. Ƙafarta ta kumbura tana zafi. Rana na karkata, saman tulin kilishen ya fara bushewa. Ta cire mayafinta, ta jiƙa shi da ragowar ruwan laka ta lulluɓe su, ta kifa kai a gwiwa tana kuka. Shekara arba'in da wani abu abin nan yana zaune lafiya a ɗakin tsoho, ita ta ɗauko shi ta kawo wa kogi.

Goggo Ummuhani ta zo ta tsaya a kanta. Ba ta rarrashe ta ba. Ta ɗauki guda biyu daga waɗanda aka wanke, ta tafi wajen tsofaffin matan da ke zaune a gindin darbejiya, ta ɗaga su a hasken rana tana musu bayani da Larabcin Shuwa. Lailatu ba ta jin yaren sosai, amma ta ga wata tsohuwa ta karɓa ta daɗe tana dubawa. Da yawan tsofaffin nan da ƙafarsu suka ƙetaro a wancan yaƙin, ba su koma ba. Kafin magariba mutum huɗu suka kawo rabin jarka kowace. Wasu suka ce sam, ruwan sha ba na wasa ba ne, kuma ba wanda ya ga laifinsu. Mahfuzu ya ɗaura igiyar komarsa ta kamun kifi daga taga zuwa taga a cikin ajin, aka fara shanya.

Blandine da Didier sun iso Laraba da hantsi, na'urar a cikin kwali naɗe da leda, da ƙaramin janareta, da jarkoki shida na ruwa da suka ɗauko a bayan mota tun daga Anjamena. Blandine ta ga ƙafar Lailatu ta ce sai an kai ta asibiti. Lailatu ta ce bayan Juma'a.

Suka raba aiki. Lailatu da Goggo na rabawa cikin roba, Blandine na shanyawa, Didier na sa busassun a na'ura. Wasu na rabuwa lafiya. Wasu kuwa da an taɓa sai fuskar ta zame daga fim ɗin ta narke a yatsa, a bar mutum da farar leda a hannu. Duk wadda ta zame, Lailatu sai ta ce innalillahi, har ta gaji ta yi shiru. Wani dattijo ya tsaya a taga tun safe yana tambaya ko an ga wansa, mai tsage uku a kumatu. Didier ya juyo masa da kwamfutar, ya duba duk abin da aka kwafe, bai gan shi ba. Ya ce zai dawo gobe, ya kuwa dawo.

Ranar Alhamis da azahar ruwan Anjamena ya ƙare, kuma ƙasan akwatin ya riga ya zama dunƙule ɗaya mai wari. Didier ya gwada da reza, ya girgiza kai.

"Madam, wannan ya tafi."

"Gwada kuma."

Ya sake gwadawa don ta gani da idonta. Ta karɓi rezar ta yi da kanta har ta yanke yatsa. Blandine ce ta ƙwace ta daga hannunta.

Abin da aka kuɓutar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, fuska ɗari bakwai da 'yan kai, kuma babu suna ko ɗaya tunda ambulan sun tafi. Juma'a da safe Didier ya naɗe na'urarsa. Daga nan Mahfuzu ya kai Lailatu asibiti, inda aka tsaga ƙafar aka kwantar da ita kwana tara.

Da ta koma Garwa ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa komai, har da cewa ta yi tunanin ɗaukar akwatin da safen nan ta bar shi. Ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya juya fuska bango, bai yi mata magana ba har kwana uku.

An buɗe nunin a Anjamena a watan Janairu. Blandine ta bar farar takarda a ƙarƙashin kowane hoto, da alƙalami a ɗaure da zare, ko wani zai gane nasa. Na Garwa an ɗage shi sau biyu, har yanzu ba a samu ɗakin da za a yi ba, kuma biyu daga cikin malaman ƙungiyar sun janye. Lailatu na ci gaba da yawon ofisoshi da ɗingishi bayan an tashi daga makaranta.

Duk ranar Lahadi Blandine na turo sunayen da aka rubuta a makon, kowanne da hotonsa. Sun kai arba'in da uku. Lailatu na zama a bakin gadon tsohon ta nuna masa a waya tana karantawa. Yawanci ba ya cewa komai. A makon jiya ta nuna masa wani mai hula a karkace, ta karanta sunan da aka sa masa. Malam Aƙilu ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ba shi ba ne," ya ce da kyar. "Ƙaninsa ne. Tela. Rubuta."

Ta tashi ta nemo biro.