Sunan da Kawu Kampan Bai Riƙe Ba

Kowa a ƙauyen ya gaya wa Kawu Kampan cewa tafiyar ba wuya. Ƙasar nan mai sanyi, wadda rabin samarin yankinsu na Isan suka ƙare a gonakinta, ba ta neman biza daga ɗan Tailan. Fasfo kawai, sai wani izini da ake cikewa ta waya kafin a tashi, shi ma 'yarsa Jiap ta cike masa daga can. Abin da ba wanda ya tsaya ya gaya masa shi ne, rashin biza ba shi ne shiga ba. Hukuncin yana nan, sai dai a bakin ƙofa ake yanke shi, kana tsaye da jakarka, idonka ja don rashin barci.

Jiap ita kaɗai ce gare shi. Ta tafi aikin masana'anta, ta auri ɗan ƙasar, ta zauna. Ciki biyu ta yi suka zube. Wannan na uku ya tsaya har ya isa, amma likitoci sun ce ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi mata aiki. Uwarta ta rasu tun tana makaranta. Da ta kira shi ba ta yi kuka ba, shi ne ma ya fi tayar masa da hankali.

"Baba, ka zo. Ba na so a tura ni ɗakin nan ba nawa ko ɗaya a bakin ƙofa."

Ya bar wa maƙwabci shanu biyu da shinkafar da ta fara kunno kai, ya hau motar Bankok. Da gangan Jiap ta sa jirginsa ya sauka da safiyar ranar aikin, don in ya zo da wuri, in ji ta, zai cika asibitin da surutu har a kore su duka.

Da jirgin ya sauka, ya bi layi kamar kowa. Da ya iso gaban gilashin jami'in shige da fice ya haɗa tafin hannu ya sunkuya, ya miƙa fasfonsa sabo fil, ko shafi ɗaya ba a taɓa bugawa ba. Jami'in ya dubi fasfon, ya dubi fuskar da rana ta dafa, ya dubi hannuwan. Bai buga hatimi ba. Ya ɗaga hannu, wani ya zo ya nuna wa Kawu wata ƙofa a gefe.

Ɗakin cike yake da 'yan Tailan, yawanci daga jirginsu. An karɓi wayar kowa an zuba a kwando. Kujeru a jere, ba taga, ba mai magana da ƙarfi. Ya sami wuri kusa da wata mata da za ta yi shekara arba'in da wani abu, ta sha hular yawon buɗe ido da tabarau a goshi, leɓenta na motsi kamar mai addu'a.

"Kawu, daga ina?" ta tambaye shi da harshen gida.

"Kalasin."

"Ni Buriram. Toi ake ce mini. Ka haddace naka?"

"Me zan haddace?"

"Sunan otal, sunan dutsen da za ka je gani, ranar komawa. Ni kwana da kwanaki ina bita. Furen bazara na zo kallo." Ta duba hagu da dama ta rage murya. "Furen yana cikin gonar kabeji, ka gane."

"Ni 'yata na zo gani. Yau za a yi mata aikin haihuwa."

"Kowa a ɗakin nan 'yarsa ya zo gani, Kawu. Wancan mai jar rigar ma kakarsa ce ba lafiya, karo na uku kenan tana mutuwa."

Ya kau da kai. Bai ga abin da ya haɗa shi da masu ƙarya ba. Mutumin da ya zo da gaskiyarsa, me zai tsorata?

Rana ta ɗaga kafin a kira sunansa. Wani ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, wata jami'a matashiya a gaban kwamfuta, fuskarta ba fushi ba fara'a. Ta ajiye wata waya a tsakaninsu, murya ta fito daga ciki, muryar mace 'yar Tailan, irin lafazin Bankok mai santsi. Ita ce tafinta. Kawu ya gyara zama, ya shiga ƙoƙarin murɗe harshensa ya koma na birni, abin da rabonsa da shi tun yana saurayi yana ɗaukar siminti a Bankok.

"Tana tambaya, mene ne sana'arka?"

"Noma."

"Kwana nawa za ka yi?"

"Sai yarinyar ta warke."

Tafintar ta ce, "Kawu, rana take so ka faɗa. Akwai rana a tikitinka."

"To, wannan ranar. Duk wadda aka rubuta."

Jami'ar ta buga wani abu. Ta sake magana, idonta a kan kwamfutar.

"Wurin wa ka zo?"

"'Yata. Jiap."

"Ba sunan gida ba. Sunanta na takarda."

"Lamduan," ya ce, har da ɗan murmushi, don shi ya zaɓe shi. Sunan itace ne, akwai shi a bayan gidansu, yana fure lokacin da aka haife ta.

Jami'ar ta dubi kwamfutar, ta girgiza kai kaɗan.

"Ta ce ba shi ne a gabanta ba. Wadda ta gayyace ka ba sunanta kenan ba."

A nan ne ya tuna. Bayan ɓari na biyu Jiap ta zo gida ta kwana biyu, wata ƙawarta ta kai ta wurin wani malamin haikali da ya yi suna wajen duba sunaye. Malamin ya lissafa ranar haihuwarta ya ce akwai harafi a sunanta da ba ya jituwa da ranar, shi ke kore mata 'ya'ya. Ya ba ta sabo, dogo, irin na 'yan wasan talabijin. Ta je ofishin gunduma, kafin azahar an canza. Ba wani abin mamaki ba ne, matar mai shagon taki sau uku tana canza nata, kuma har yau Daeng kowa ke ce mata. Wa ke kiran mutum da sunan takarda? Sai malamin makaranta da ɗan sanda.

Ta gaya masa sunan a ranar, suna cin kwaɗon gwanda a kan tabarma. Ya ce yana da daɗi. A ransa kuwa ya ji ciwo, sunan da shi da uwarta suka sa a ce shi ne annoba. Bai bari sabon sunan ya zauna masa a kai ba. Ta maimaita, ya ce ta miƙo masa shinkafa.

"Ta canza," ya ce wa tafintar da sauri, harshen birnin ya kuɓuce masa. "Malami ne ya canza mata. Ki gaya mata, 'yata, ai kin san yadda muke yi."

"Na gaya mata, Kawu. Ta ce to, mene ne sabon?"

Ya rufe ido. Yana ganin tabarmar, yana ganin bakin Jiap yana motsi.

"Da Na ya fara. Natta... Nattaya? A'a. Ko Pat ne. Patchara wani abu."

Kowane da ya faɗa, muryar ta maimaita wa jami'ar, shi kuma yana jin yadda suke fita kamar mai cankar lambar caca.

"Sunan mijinta fa?"

"Suruki nake ce masa. Shi ma Baba yake ce mini."

"Sunan garin da suke?"

"Akwai teku kusa. Surukin yana waje yana jirana, shi zai kai ni." Ya matso da bakinsa kusa da wayar. "'Yata, ke kina ganin sunan? Ki ɗan fara mini shi, zan ƙarasa."

"Ba na ganin komai, Kawu, ni ina wani gari. Ko ina gani ma ba a yarda ba." Muryar ta yi laushi. "Kana da takardar canjin sunanta? Ko ta haihuwa?"

Ba shi da su. Daddawar kifi ya so ya kawo, aka ce ba a shiga da ita. Takarda kuwa ba wanda ya ambata.

"Hotunanta suna cikin wayata, tun tana goye. A ba ni in nuna."

Jami'ar ta saurara, ta ce wani abu gajere, ta ɗauki wayar tebur ta buga lambar da ke cikin kwamfutar. Lambar Jiap ce. Kawu yana jin ƙarar daga inda yake, tana yi tana yi. Ya san dalili, mai jiran aiki an riga an raba ta da waya, ana ta gwaje-gwaje. Jami'ar ta sake bugawa. Ba mugunta a fuskarta. Ta ga ɗaruruwa irinsa, manomi da sabon fasfo, wurin 'yar da bai san sunanta ba. Da shi ne a kujerar, ya sani, da bai yarda da kansa ba.

Aka turo masa takarda, aka nuna masa inda zai sa hannu.

"Ta ce ba a tabbatar da dalilin zuwanka ba. Za ka koma a jirgin yamma. Ba laifi aka ɗora maka ba, kana iya sake nema."

"Yau ne aikin."

"Na gaya mata."

"Ki sake gaya mata."

Ta sake. Jami'ar ta sunkuyar da kai kaɗan, irin na ban haƙuri, ba ta janye takardar ba. Ya tashi ya haɗa hannu har goshi, gaisuwar da ake yi wa malamin haikali, ga yarinyar da ba ta kai Jiap ba. Ta kau da ido. Ya sa hannu.

Wani ɗaki aka kai waɗanda za a mayar, aka raba musu burodi da ruwa, aka dawo musu da wayoyinsu. Toi tana can, ta cire hular ta ɗora a gwiwa.

"Kai ma, Kawu? Ni sun ce in faɗi launin ƙofar otal ɗin. Kai fa?"

"Sunan 'yata."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga fuskarsa, ta fasa. "Da gaske 'yar ce?"

Ya nuna mata hoton da ke fuskar wayar, Jiap da ciki a gaban wani gini.

"Kai, Kawu." Ta ƙura wa hoton ido. "Ni ma ƙanwata ta canza, ka tambaye ni yanzu ban sani ba. Ni da ƙarya, kai da gaskiya, jirgi ɗaya."

Ita ta haɗa masa wayar da intanet ɗin filin jirgin. Saƙonni suka yi ta shigowa, duk daga surukin, hotunan ƙofar fitowa da kwali a hannunsa an rubuta Baba da harafin Tailan a karkace. Kawu ya kira shi. Surukin bai iya yaren Tailan ba sai kalma biyar ko shida.

"Baba, ina? Baba, ina?"

"Ina ciki. Sun hana."

Toi ta karɓa ta yi masa bayani da ɗan guntun yaren ƙasar da ta koya a wani zuwa da ta taɓa yi. Suka ji shi yana gudu, yana magana da wani, muryarsa tana hawa tana sauka. Daga baya ya dawo, yana haki. Toi ta saurara ta ajiye wayar a cinyarta.

"Ya ce sun ce an riga an rufe maganar. Wai da an same shi kafin ka sa hannu, da wataƙila an bar ka. Yanzu dole ya koma asibiti, an matso da lokacin."

Bango ɗaya ne ko biyu tsakaninsu. Kawu ya dubi bangon, fari, da hoton wani dutse mai ƙanƙara.

La'asar ta yi kafin Jiap ta kira. Fuskarta ta cika wayar, an sa mata hular asibiti, leɓenta a bushe.

"Baba, me ya faru? Me suka tambaye ka?"

Ya so ya ce takardu ne, ko kwamfutarsu ce ta lalace. Bakinsa ya ƙi.

"Sunanki suka tambaya."

Ta dube shi. Ya ga lokacin da ta gane. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Sau nawa na gaya maka, Baba."

"Kin gaya mini."

"To, shi kenan." Ta goge ido da bayan hannu, wanda aka soka wa allurar ruwa. "Sun ba ka abinci?"

"Sun ba ni. Jiap, ki saurara, ina komawa zan je gunduma in karɓo takardar, in sake zuwa."

"Baba, tsoro nake ji."

"Ina nan. Ga ni, kina ganina."

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo cikin hoton ta ce wani abu. Rufin ɗakin ya fara tafiya a bayan kan Jiap, fitila bayan fitila. Sai hannun surukin ya rufe wayar.

Ba a jima ba aka zo aka jera su biyu biyu, jami'i a gaba, jami'i a baya, aka bi da su ta wata hanya zuwa jirgi. Aka zaunar da su can baya. Fasfonsu yana hannun ma'aikatan jirgin, sai an sauka. Kawu ya riƙe wayar da hannu biyu yana kallonta. Ba saƙo.

"Irin aikin nan ba ya daɗewa," in ji Toi. "Ni an yi mini sau biyu. Kafin ka tauna goro an gama." Ta dubi fuskarsa. "To, ba goro ba. Amma ba ya daɗewa."

Jirgin ya fara ja da baya. Ma'aikaciya ta zo ta durƙusa kusa da kujerarsa, 'yar Tailan ce, ta haɗa hannu.

"Kawu, a kashe waya, don za mu tashi."

"Kaɗan, 'yata."

"Intanet ɗin ma ya yanke, Kawu," Toi ta ce a hankali. "Tun da aka rufe ƙofa. Ba abin da zai shigo sai Bankok."

Bai san inda ake kashewa ba. Toi ta karɓa ta kashe, ta mayar masa a tafin hannu. Jirgin ya ɗaga, gari ya baje a ƙasa, gine-gine masu yawa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ya manna goshi da tagar yana neman wanda ya yi kama da asibiti, har gajimare ya rufe.