Karar da Hindatu ta yi wa Gwaggo

"To in ba za ki faɗa mani abin da zan yi ba, Tanti, mi na zo yi nan?"

Hindatu ce ta yi tambayar. Tun daga Maijirgi mijinta ya goyo ta bisa moto zuwa Tasawa, ga yashi ga rana, don ta ga Lubna, matar nan da ake kira koci, sai ga matar na gaya mata wai ita ba ta ba da shawara.

Lubna ta yi murmushi. "Masu ba ki shawara sun yi kaɗan ne a Maijirgi?"

"Kaɗan? Har mai tallan goro yana da tashi."

"Kin gani. Ni nawa aikin in tambaye ki, in saurara, har ki ji abin da ke ranki da kunnenki. Ke za ki zaɓi abin yi. Ni kuma in bi sawu, in ji ko kin yi."

Lokacin da Lubna ta dawo daga karatu a Yamai ta kama ɗan ɗakin nan kusa da shagon tela, dariya aka yi mata. Koci ba na ƴan ƙwallo ba ne? Amma waɗanda suka shiga ɗakin suka fito ba su ƙara dariya ba. Allah ya ba ta wani irin saurare da ba kowa yake da shi ba. Ba ta katse mutum, ba ta gyaɗa kai don ya yi sauri ya gama. Takan zuba mashi ido kamar duk duniya ba wani labari sai nashi, har ya ji kunyar yi wa kanshi ƙarya a gabanta.

Hindatu ta kwashe labarin ta faɗa mata. Matan unguwarsu suna da ƙungiyar masu man gyaɗa, da hannu suke matsa tun kaka da kakanni. Wani furoje, irin shirin nan na tallafa wa mata, ya yi masu alkawarin injin matsar mai, da sharaɗin mace guda mai karatu ta je Maraɗi a koya mata, ta dawo ta riƙe shi. Hindatu ta yi kwaleji. Tun da ta ji zancen injin zuciyarta ta kasa zama wuri guda. Ranar taro mata suka ambaci sunanta baki ɗaya, sai ta rufe fuska da mayafi ta ce, "A'a, ga manya. Ga Gwaggo Zara'u." Ta yi haka ne tana jiran a matsa mata, yadda aka saba, ta ƙi, a ƙara roƙo, sannan ta karɓa da mutuncinta. Gwaggo kuwa ta ce, "Ni da wannan gwiwa? A ba yara." Mutumin furoje baƙo ne, bai san kara ba. Ya ɗauki maganarsu yadda suka faɗe ta, ya ce in ranar Alhamis ba wadda ta yarda, matan Korgom za a kai wa injin.

"Shi ya sa na zo," in ji Hindatu. "Ke kin iya Faransanci irin nasu. Ki kira shi ki ce mashi kara ce na yi."

Lubna ta dube ta. Ta ce, "Ƙanwata, kina jin ƙishirwa?"

Hindatu ta yi turus. Da shigowarta Lubna ta miƙa mata zoɓo mai sanyi, ta ce ta ƙoshi, Lubna kuwa ta mai da gorar cikin kular ƙanƙara ba ta ƙara cewa komi ba. Tun lokacin idon Hindatu ke komawa can.

"Ina ji," ta ce a hankali.

"Mi ya hana ki sha?"

"Na zaci za ki sake cewa."

Tana jin maganar ta fito daga bakinta sai hawaye suka zubo. Ta tuna wurin koyon ɗinki da ta bar wa ƙawarta, ta tuna karatun da aka ce ko za ta ci gaba ta ce duk yadda aka ga ya dace. Sau nawa ta ce ta ƙoshi tana jiran a sake cewa, ba a sake ba? Lubna ta buɗe gorar ta aje kusa da ita, ta bar ta ta yi kukanta, ba rarrashi ba gaggawa.

"In kika ce kina son injin nan, mi kike tsoron ya faru?"

"A ce ɗiyar Mahaman ba ta da kunya." Ta share ido. "Gwaggo ta riƙe ni tun rasuwar innata. Ita ta koya mani suyar gyaɗa. Yau in tashi gabanta in ce ni ce?"

"Kara ba laifi ba ce. Ni ma ina yi wa uwar maigidana," in ji Lubna. "Amma duba mani nan. Akwai hanyar da za ki so abin nan ba tare da kin taka Gwaggo ba?"

Hindatu ta shiga juya gorar a hannunta. Da wani ne, da ya soma yi mata nasiha. Lubna ta jira kawai.

"Sai dai in je mata gida kafin taron," Hindatu ta ce, tana lalubo kalmomin. "In durƙusa in faɗa mata da bakina. Kada ta ji a tsakar mutane."

"Yaushe?"

"Tanti, har da yaushe?"

"Har da yaushe."

Hindatu ta yi dariya cikin hawaye. "Yau, bayan la'asar."

A waje mijinta Rayyanu na zaune wurin mai shayi. Ya dubi jajayen idanunta ya miƙe. "Ke, dukanki ta yi? Mi ta ba ki, laya ko rubutu?"

"Tambayoyi ta ba ni, Malam."

"Muka ƙona esansin moto don tambayoyi? Ai da kin faɗa, ina da su buhu-buhu a gida."

Da suka hau hanya ta kifa goshinta a bayanshi, inda iska ba za ta kwashe maganar ba, ta ce, "Ina son injin nan." Ya rage wuta. Bai waiwayo ba, ya dai kai hannu guda ya dafa nata da ke riƙe da rigarshi. "Na sani. Har cikin barci kike lissafin buhunan gyaɗa. Jira nake ki faɗa."

Ta iske Gwaggo Zara'u a tsakar gida tana murza soyayyar gyaɗa a faifai. Ta durƙusa, ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da ta ɗaga ido ba. Hannun Gwaggo bai tsaya ba.

"A zamaninmu yarinya ba ta cewa tana so."

"Na sani, Gwaggo."

"Wa ya koya maki? Matar nan ta Tasawa?"

"Ba ta ce mani in yi komi ba. Ni na zo."

Gwaggo ta hure ɓawon gyaɗar, ta daɗe tana dubanta. Daga baya ta ce, "Tashi, gwiwarki za ta yi tsami kamar tawa." Ta koma ga faifanta. Hindatu ta fito ba ta san ko albarka aka sa mata ba ko sallamarta aka yi.

Safiyar Alhamis Lubna ta kira ta a salula. "Kin je?"

"Na je. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba."

"Ke fa, mi kika ce?"

Kafin Hindatu ta buɗe baki, Lubna ta yi dariya. "Ba ni za ki faɗa wa ba."

Mata suka cika ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar maigari. Gwaggo na gaba bisa tabarma, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, fuskarta ba ta nuna komi. Mutumin furoje ya gaishe su, ya tambaya ko an samu wadda za ta tafi Maraɗi. Kowa ya sunkuyar da kai. Hindatu ta ji hannunta na neman bakin mayafi da kanshi. Ta danne shi bisa cinya, ta miƙe tsaye.

"Iyayena, ku gafarce ni. Wancan karon kara na yi. Ina son aikin nan, na kuma iya shi. Ni zan tafi Maraɗi."